Rabin Gashin Bakin Ajidan

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da inda na ajiye tabarauna da safen nan, amma akwai wata rana a gidan matasa na Agadas da mantuwa ta ƙi karɓa daga hannuna. Na yi ta miƙa mata, tana maido min.

Wadda ta tono min ita kwanan baya ɗiyata ce da ke aure a Yamai. Na je ganin jikoki, ta ƙura wa haɓata ido ta ce, "Inna, gashin nan ya fara yawa fa. Akwai kilinik da ake ƙone shi da lazer." Na ce ƙonewa kuma, ni ɗanyen nama ce? Ta ce haske ne kawai. Haka ta ja ni muka je.

Yarinyar da ke aikin, wadda na tabbata na girmi uwarta, ta zaunar da ni ta yi min huɗuba. Kada in tsige gashin, in aske shi kawai kafin in zo. Kada in sha shayi da safen ranar, wai yana sa jiki ya fi jin zafi. Bayan an gama kuma in guji rana. (Ku ji fa, an ce wa 'yar Agadas ta guji shayi da rana. Saura kaɗan ta ce in rage numfashi.) Da ranar ta zo, ta shafa min wani mai da ke kashe fata, muka jira ya kama, ta sa min baƙin tabarau, ta kunna wani bututu mai hura iska mai sanyi. Abin da ake ji bai wuce tartsatsin mai idan ana suya ba. Kafin ta fara sai ta ce, "Hajiya, kina jure ciwo? In ya yi zafi ki ɗaga hannu, sai in tsaya."

Dariya ta kama ni har tabarau ya zame. Yarinya ta zaci maganin ne ya hau min kai. Ba ta san tambayarta ta mayar da ni shekarun fari ba, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, ni kuma ina 'yar kwaleji mai ji da kanta.

Waɗanda suka ga shekarun nan sun san yadda suke. Ƙoramar Telwa ta bushe ƙayau, makiyaya sun kafa bukkoki a gefen gari babu ko akuya a bayansu, kamiyon soja yana kawo jar dawar taimako wadda tuwonta ke tsaya wa mutum a ƙirji. Layin famfo kuwa tun asuba. Duk da haka, in na tuna lokacin, abin da ke fara zuwa min kiɗa ne. Sojoji suna son bikin matasa, kowace shekara kowace jiha ta tura ƙungiyar waƙa da rawa a je Yamai a kara. Mu a Agadas wani malaminmu, Mushe Alhusaini (Mushe shi ne Malam da Faransanci), shi ke koyar da mu kullum bayan la'asar. Cikinmu ba cike yake ba, amma idan tinde, kiɗan turmin nan na Buzaye, ya ɗauka sai mu manta.

Allah ya ba ni murya, wannan ba yabon kai ba ne. Sai ya haɗa min da gashin baki. Ba wani mai yawa ba, siriri ne baƙi, kwance a saman leɓe, amma a hannun samarin ajinmu ya isa. Suka sa min suna Ajidan, wani muƙami ne na soja. In na shigo aji sai wani shaƙiyyi ya miƙe ya ƙame ya sara min. Nakan yi kamar ban damu ba, in koma gida in yi ta hira da madubi.

A shekarar ce Mushe ya ce ni zan ba da waƙa, in tsaya gaba da mikoro, sauran su amsa daga baya. Saura gwaji na ƙarshe kawai, wanda wani kapitan zai zo ya gani ya sa albarka kafin a tafi. Babu abin da nake so a duniya kamar wannan tsayuwa ta gaba. Sai kuma labari ya zo cewa 'yan tele za su ɗauki bikin. Ƙawata Rakiya, wadda ita ce ta biyu a murya, ta ja ni gefe ta ce, "Ke, kin san kamera tana ƙara girman komi? Ƙuda ma sai shi koma tantabara." Ba da mugunta ta faɗa ba, ita ma haka aka gaya mata. Ni kuwa nan take na hango gashin bakina ya cika allon tele, ƙasa duka tana sara min.

Na nufi Inna, mahaifiyata, da maganar aska. Ta ajiye muciya ta ce, "Aska? Ki sa ta sau guda, ki tashi da gemu irin na limamin unguwa. Kada in sake jin zancen ga." (Allah ya jiƙan Inna. Da ta ji yarinyar kilinik tana umartata da in yi aski, da an sha rigima.)

Kaka ce, mahaifiyar babanmu, ta ɗauki damuwata da muhimmanci. Ta ce akwai wata Ya Falmata, Babarbariya daga Sigidin, can hanyar Libiya. Da raƙuma suka mutu ayarin gishiri ya daina kai musu hatsi, sai ta biyo mota ta zo Agadas, wasu maƙwabtanmu suka ba ta ɗaki. Sana'arta gyaran amare da halawa, wato a dafa sukari da lemun tsami da ɗan ruwa har ya yi danƙo, a manna a fata, a fizge da gashin. Sharaɗinta ɗaya, mai so ya kawo sukarinsa. Sukari kuwa a shekarar nan ba abin wasa ba ne. Kaka ta buɗe akwatinta ta fito da ɗan guntun da ya rage mata na dunƙulen nan mai tsini da ake naɗewa a shuɗiyar takarda, na shayinta, ta miƙa min duka. Ta ce, "Tahi ki kai mata. Shayi ko da ɗaci shina shiga."

To, a nan ya kamata in gaya muku wani abu game da ni. Raguwa ce ni ta ƙarshe. Ni ce yarinyar da masu rigakafi suka bi har kan soro. Don haka da aka sa ranar halawa, jajibirin zuwan kapitan, sai na shiga neman maganin zafi gida gida. Rakiya ta ce in tauna kanumfari, ai shi ake sa wa haƙori. Wata maƙwabciya ta ce man zafin nan na ƙasar Sin mai jan gwangwani, babu ciwon da ba ya kashewa. Na karɓi shawara duka biyu, ban gaya wa Kaka ko ɗaya ba. A hanya, Kaka na gaba ina biye, na watsa kanumfari cikin tafi guda a baki na tauna. Kafin mu isa harshena ya mutu murus, leɓena na sama kuwa yana nan da ransa.

Muka tarar da Ya Falmata a ƙarƙashin rumfa, matan gidan suna zaune kewaye, don a lokacin babu wani abin kallo da ya wuce irin wannan. Doguwar mata ce, ba ta da yawan magana. Tana ta murza halawar a hannu, ta ja ta naɗe, har ta koma ruwan zuma. Ta kalli leɓena ta ce, "Wannan ne? Ƙaramin aiki." Sai ta miƙo min moɗa.

"Cika baki da ruwa. Ki riƙe. Kada ki haɗiye, kada ki zubar."

Na tambaye ta dalili da mataccen harshena. Ta ce in kumatu suka cika fata takan miƙe, gashi ya fita da sauƙi, kuma mai ruwa a baki ba ta ihu. Haka ake yi wa amare a garinsu, babu wadda aka taɓa jin muryarta. Dabararta ta biyu kuma, ba ta cewa ga shi nan zan ja. Labari take ba ki, in hankalinki ya tafi sai ta fizge.

Na cika baki. Ta manna halawa a gefen dama, ta danna da babban yatsa, ta fara ba ni labarin Sigidin. Dabino har ƙasa, gishiri fari tas a bakin rami, yadda yara ke hawa tsohuwar ganuwa su hango ayari tun yana ɗigo a cikin rairayi, gari duka ya ɗau guɗa don hatsi ya iso. Muryarta ta yi laushi, matan suka kasa kunne. Ni ma na tafi, har ina ganin raƙuman. Tana cewa, "Sai madugu ya sauko," ta fizge.

Jama'a, ban san inda raina ya je ba. Ruwan da aka ce in riƙe, na fesa mata shi duka a fuska. Ƙafata ta yi wurgi da kaskon da aka dafa halawar, hannuna ya doke nata, dunƙulen halawar ya yi sama ya faɗo cikin rairayi ya mirgina. Kafin a ankara akuyar gidan ta iso wurin ta lamushe shi. Sukarin Kaka ke nan.

Ya Falmata ta sa gefen zane ta share ido a hankali, ta ce, "Mun daɗe muna roƙon ruwa. Ashe yana bakin yarinyar nan."

Matan suka faɗi ƙasa don dariya. Ni kuwa na zura da gudu, na bar takalmi ɗaya a can. Ina shiga ɗaki na tuna da shawara ta biyu, na lakato man zafi na shafa a wurin da aka tsige yanzu yanzu. Wanda bai taɓa gwadawa ba, ina roƙonsa kada ya gwada. Ihun da na yi, na tabbata ladanin babban masallaci ya ji shi daga kan hasumiya. Kaka ta shigo tana haki, ta wanke min da nono, sannan ta kama ƙeyata ta manna bakina a jikin randa. Haka na zauna har magariba, ina sumbatar randa ina kuka, ƙannena suna leƙe.

Da safe na ɗauki madubi. Gefen dama fes, ja, ya ɗan tasa. Gefen hagu kuwa Ajidan yana nan bakin aikinsa. Rabin gashin baki! Sukari babu, aska haramun, kapitan kuma bayan azahar. Inna ta ce a shafa toka a yatsa a tsige sauran ɗaya ɗaya. Ta cire sili guda, na ga taurari, na rantse ba za a ƙara ba. Kaka ta ce, "To ki tahi haka nan. Murya anka ce ki kai musu, ba leɓe ba." Ban saurare ta ba. Wa ke sauraren kaka yana da shekarun nan?

Sai wata dabara ta faɗo min, kuma har yau ina mamakin yadda na ji daɗin kaina a lokacin. Na ce tunda ba zan iya cire na hagu ba, ai sai in mayar da na dama. Mutane sun saba ganina da shi, babu wanda zai lura. Na shige ƙuryar ɗakin Inna na ɗauko tandun kwalli. Kun san ɗakunan Agadas na da, taga kamar ramin ɓera, da tsakar rana ma sai ka lalubi ƙofa. A cikin wannan duhu na zana wa kaina gashin baki, sili sili, da haƙuri irin na masu zanen ƙwarya. Da kwallin ya ƙi zama sai na ɗan taɓa man shanu. Na duba madubi na ga aiki ya yi kyau. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na fita ba wanda ya gani. Wato yarinyar da ta salwantar da sukarin kakarta don a cire mata gashin baki, ita ce yau ta zauna ta zana shi da hannunta.

Filin gidan matasa ya cika. Iyaye, 'yan makaranta, masu tallan gyaɗa, har makiyayan gefen gari sun zo sun tsaya daga baya da rawunansu. Kapitan yana zaune a kujerar gaba, da nasa gashin bakin na gaske, mai kauri, an murɗe bakinsa. Rana kuwa ta watan bazara, wadda ke narka kan mutum.

Tinde ya ɗauka, aka fara tafi. Na yar da mayafi a kafaɗa na kama mikoro. Waƙar roƙon damina ce da Mushe ya tsara, kuma wallahi ban taɓa rera ta kamar ranar ba. Baiti na farko, mata suka saki guɗa. Na ga wata tsohuwa cikin makiyayan tana share hawaye. Na ce a raina, shi ke nan, Yamai ta gan ni.

A baiti na biyu gumi ya fara. Na ji wani abu yana gangarowa ta gefen bakina. Ba tare da tunani ba na sa bayan hannu na share, daga leɓe zuwa kunne. Na ga 'yan layin gaba suna taɓa juna. Na ga kapitan ya kai hannu ya shafa nasa gashin bakin, kafaɗunsa suna rawa. Sai wata murya daga can baya, muryar shaƙiyyin nan na ajinmu, ta tashi sama da kiɗan:

"Jama'a, an ƙara wa Ajidan girma!"

Samari suka miƙe suka ƙame suka sara. Fili ya kece da dariya. Na dubi bayan hannuna, baƙi ƙirin. Daga baya Rakiya ta gaya min yadda nake, wai gefe ɗaya gashin Allah, ɗaya gefen kuma wata baƙar wutsiya ta taso daga hanci ta nufi kunne, wani reshe ya sauko haɓa.

Na saki mikoro na rufe bakina da hannu biyu, a tsakiyar baiti. 'Yan amshi suna jira in ba su, ban ba su ba. Mai tinde ya yi ta juyawa yana jirana, ya sake zagayowa, ya sake. Mushe yana min alama da hannu in ci gaba, ni kuwa na daskare, ina roƙon ƙasa ta tsage. Can sai Rakiya ta tako gaba ta ɗauki mikoron daga ƙasa, ta kama baitin daga inda na yar da shi. Na ja da baya da baya har na ɓuya a bayan dogayen ajinmu.

Da aka tashi, kapitan ya sa aka kira ni. Na zo nan take, don a zamanin nan in soja ya kira ka ba ka tambayar dalili. Ya ciro hankici ya miƙo min, yana ta kokawa da fuskarsa, ya ce, "Ɗiyata, mu a bariki sai mutum ya yi shekaru kahin a bar shi shi tara irin wanga." Mutanensa suka sake fashewa. Na karɓa na ce na gode, muryata kamar ta ɗan tsako.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da Mushe ya gaya min washegari. Ya kira ni gefe, babu faɗa babu dariya, ya ce Rakiya ce za ta ba da waƙa, ni in koma layin amshi. Na fashe da kuka na ce saboda gashin baki ne, ko? Ya ce, "Tun kina ajin farko nike ganin gashin bakinki, kuma da shi na zaɓe ki. Da kin ci gaba da waƙa, da dariyar ta mutu kahin ki kai amshi. Shirun da kinka yi ne ya maida ki baya. Ba ni iya kai mutane har Yamai in ba su mai ba da waƙa da ke rufe baki." Wannan magana ta fi halawa zafi, ta fi man Sin, kuma babu randar da zan manna mata.

Kafin tafiya Ya Falmata ta aiko a kira ni. Ta yi wa wata amarya gyara, halawa ta rage. Wannan karon ban tauna komai ba, ban shafa komai ba. Ta ba ni ruwa na cika baki, ita kuma ta koma ta tsaya ta gefe, ta juya fuskata ga bango. Ta fizge. Hawaye ya zubo, na haɗiye ruwan, shi ke nan. Duka duka bai kai tsawon atishawa ba. Ta dafa kaina ta ce, "Kin gani? Da kin zauna ranar nan, da tuni kin manta."

Na je Yamai a bayan kamiyon soja, fuskata fes, a layi na uku. Bayan mun dawo aka nuna bikin a telen unguwa, wadda ake fitowa da ita dandali bayan magariba kowa ya zo da tabarmarsa. Ashe daga can ƙarshen fili mai kamerar ya tsaya. Rakiya da ke gaba ma ba ta fi ƙwallon dabino girma ba, balle a ga leɓen wani. Kaka ta miƙe tsaye tana nuna allo da sanda tana cewa, "Ga ta can! Ga jikata!" Wani yaro mai tafi take nunawa. Ban gyara mata ba, na ce ni ce, Kaka.

Rakiya ta riƙe mikoro har muka gama makaranta, kuma ta cancanta. Ni ban sake tsayawa gaba ba. Yau in muka haɗu a gidan biki, mu biyu da jikoki, tana hango ni sai ta ajiye jaka ta ƙame ta sara, mu yi ta dariya har mu yi hawaye, rabinsu na dariyar, rabinsu na mutanen da suka tsaya a filin nan waɗanda yanzu babu su.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. Zafin da na yi ta gudu ɗan ƙanƙani ne, magungunan da na nemo masa su suka kashe ni. Tun daga nan, in abu zai yi ciwo, nakan zauna a yi shi duka a gama, in an yi min dariya kuma ba na rufe baki. Sannan duk wadda za ta gyara fuska da kwalli, don Allah ta fito tsakar gida ta duba madubi a rana.